Gaba da gabanta: bairas ɗin da ke kama fungas, da abin da ya hana shi zuwa fadamar Galma

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ke noman rani tare da mahaifinsa a bakin Galma, wajen Dakace. Ga ta a taƙaice:

"Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wani abokina da ke karatun aikin gona ya ce mini wai akwai bairas da ke kama fungas ɗin da ke kashe shuka, ya raunana shi har ya kasa ɓarna. Na ce masa ban yarda ba, don ni duk bairas ɗin da na sani cuta ne. In gaskiya ne, me ya sa ba a kawo mana shi mu fesa wa tumatir mu huta da kuɗin magani ba? Bana kaɗai feshi shida muka yi."

Amin, ɗana, Allah ya yi albarka, a gaida Baba da aiki. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Kai ma ba ka yi kuskure ba da ka ce bairas cuta ne, abin tambaya kawai shi ne wa ya kama. In ya kama gyaɗarka, asara ce. In ya kama abin da ke cin gyaɗarka, ka samu ɗan ƙwadago wanda ba ya karɓar lada. Amma tsakanin "akwai shi" da "ga shi a famfon feshinka" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tafiyar amsar tambayarka take.

Na san inda rashin yardarka ya samo tushe. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ji labarin kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa cikin damina guda. Bairas ne, ƙananan kwari masu tsotsar ganye ke yawo da shi daga shuka zuwa shuka, kuma yana cikin abubuwan da suka durƙusar da dalar gyaɗa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922, ta shafe shekaru tana fitar da irin SAMNUT masu jure wannan cuta. Mutumin da ya ga haka, in ka ce masa bairas aboki ne, dole ya kalle ka sau biyu.

Bari mu fara daidaita kalma. Abin da muke kira fungas a aji shi ne dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da naman kaza, da burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari. Jikinsa zare ne siriri wanda ido ba ya ganin ɗaya, sai sun taru su yi kamar auduga. Zaren yana ratsa ƙasa ko jikin shuka yana tsotsa, yana yin rassa, in ya ƙoshi ya fitar da ƙurar iri wadda iska ko ruwa ko ƙafar manomi ke ɗauka. Mai rai ne, yana da ƙwayoyin halitta kamar ni da kai, kuma duk mai ƙwayoyin halitta akwai bairas ɗinsa.

An daɗe ba a lura da haka ba. A 1948 wasu masu noman naman kaza a jihar Fensilbaniya ta Amurka suka ga amfaninsu yana fitowa a karkace, ƙanana, yana ruɓewa da wuri. Cutar ta ɗauki sunan masu gonar, ake ce mata La France. Sai a 1962 wani masani a Ingila, Michael Hollings, ya ga ƙwayoyin bairas a jikin naman kazan da ya kamu. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa fungas ma yana ciwon bairas. Ka lura, a nan ma asara ce, don fungas ɗin abinci ne da ake nomawa a sayar.

Labarin da ya juya tunanin mutane na wata bishiya ce da ba mu da ita a nan, ana ce mata cesnat. Don ka gane matsayinta a gabashin Amurka, ka haɗa ɗorawa da kaɗanya da maɗaci a bishiya guda: 'ya'yanta abinci ne ga mutum da dabba, katakonta ba ya saurin ruɓewa, ɓawonta na jima ne. A 1904 aka ga wasu daga cikinsu suna bushewa a gidan namun daji na birnin Niyok. Wani fungas ne mai suna Cryphonectria parasitica, ya shigo daga Asiya a jikin dashen da aka yi safara. Yana shiga ta rauni a ɓawo, ya yi gyambo, gyambon ya yi ta faɗi har ya zagaye gangar jikin bishiyar kamar an ɗaure ta da igiya, duk abin da ke sama ya mutu. Kafin 1950 ya kashe bishiyoyi tsakanin biliyan 3 zuwa 4. Biliyan na ce, ba miliyan ba.

A 1938 cutar ta ɓulla a Italiya, kusa da birnin Jenowa, kowa ya ɗauka abin da ya ci Amurka zai ci Turai. Da farko haka ta soma. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin cututtukan itace, Antonio Biraghi, ya lura da abin da bai kamata ya faru ba: gyambon wasu bishiyoyi yana warkewa. Fungas yana nan, amma ya tsaya a saman ɓawo bai nutsa ba, bishiyar kuma ta yi sabon nama ta kewaye shi. Shi ya zaci bishiyar ce ta samu juriya. A tsakiyar shekarun 1960 wani Bafaranshe, Jean Grente, ya ɗebo fungas daga irin waɗannan gyambuna ya raina shi a faranti. Maimakon launin ruwan goro da aka san shi da shi, sai ya fito fari, ba ya fitar da ƙurar iri sosai, in an saka shi a bishiya ba ya kashe ta. Abin da ya fi ɗaure kai, in ka ajiye farin kusa da mai ruwan goro a faranti ɗaya har zarensu ya haɗu, sai mai ruwan goron ma ya soma fari ya yi sanyi. Wato laushin nan ana ɗaukarsa kamar mura. Grente ne ya raɗa wa abin suna, ma'anar sunan kuwa raguwar kaifi. Ni dakushewa nake ce masa, don wuƙar tana nan, yanka ne ba ta yi.

Sai a 1977 aka gano cewa fararen nan suna ɗauke da wani baƙon zaren gado, RNA mai igiya biyu, wanda lafiyayyu ba su da shi. A 1992 Gil Choi da Donald Nuss suka rufe gardama: suka kwafi bayanin gadon bairas ɗin, suka saka shi cikin lafiyayyen fungas, ya dakushe. Sunansa yanzu CHV1.

Shi wannan bairas ɗin ko riga ba shi da ita. Yawancin bairas da ka sani suna da ɓawon furotin da ke kare su in sun fita waje. Shi kuwa yana zaune ne tsirara cikin wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayar fungas. Ba ya kashe mai masaukinsa. Yana rikita saƙonnin da ke gaya wa fungas ya yi launi, ya yi ƙura, ya fitar da sinadaran da yake narka ɓawo da su, ya yi barbara. Fungas ma ba ya zama hannu rabbana, yana da almakashin da yake datse baƙon RNA da shi, bairas kuma yana da wani furotin da ke riƙe hannun almakashin. Kokawar da ba a yin kaye ke nan, sai dai ɗaya ya gaji. Gajiyar fungas ita ce numfashin bishiya.

Daga nan Turawa suka mayar da abin sana'a. A Faransa da Italiya, daga baya Suwizalan da Girka, sai a huda ƙananan ramuka a gefen gyambo, a cusa farin fungas, a rufe da tef. Gyambon ya tsaya. A wurare da dama ma bairas ɗin ya bazu da kansa ba tare da an taimaka masa ba, kuma har yau cesnat na nan a dazukan Turai.

To Amurkawa suka ce su ma a ba su. Suka kawo farin fungas, suka cusa a gyambuna. Wanda aka yi wa yakan warke, amma bishiyar da ke gefe ta mutu, wani lokaci ma sabon gyambo ya fito a kan bishiyar da aka yi wa maganin ya kashe ta. In ka ɗauke wasu kurmi a jihar Mishigan, inda wani ɗan'uwan bairas ɗin ya zauna da kansa, abin bai bazu ba. Dalilin wannan bambanci shi ne zuciyar maganarmu, don haka ka ba ni hankalinka a nan.

Bairas na kuturtar gyaɗa yana da jirgi, wato kwaro. Na mura yana da tari da atishawa. Mafi yawan bairas na fungas ba su da ko ɗaya, ba sa fita waje ko kaɗan. Hanyarsu biyu ce: ko su bi ƙurar iri daga uwa zuwa 'ya'ya, ko kuma zaren wannan fungas ya taɓa zaren wancan, bangon da ke tsakaninsu ya narke, ruwan cikinsu ya gauraya, bairas ya tsallaka. Shi kuwa fungas ba ya cin tuwo kwano ɗaya da kowa. In zare biyu suka haɗu, sai sun binciki juna. In 'yan gida ɗaya ne, su haɗe. In baƙo ne, ƙwayoyin da ke wurin haɗuwar su mutu nan take, a samu shinge. A faranti kana ganin layin da idonka, kamar iyakar gonaki biyu da masu su ba sa ga maciji. Masana da yawa suna ganin wannan ƙyamar baƙo kariya ce daga irin wannan cutar.

A fungas ɗin cesnat an gano wurare 6 a cikin gadonsa da ke yanke hukuncin wane ne ɗan gida, kowane wuri da fuska biyu. In ka lissafa, gida 64 ke nan. Yawan wuraren da fungas biyu suka saɓa, wahalar tsallakawar bairas. Da cutar ta shiga Turai, gidaje kaɗan ne suka shiga. A Girka da maƙwabtanta gida ɗaya ne ya kusa mamaye ko'ina. Saboda haka bairas ya samu hanya a buɗe. A Amurka kuwa gidajen suna da yawa, kurmi ɗaya sai ka samu iri-iri, kuma fungas ɗin yana barbara sosai. Barbara tana ɓarna biyu: tana cakuɗa gado ta haifar da sababbin gidaje, sannan ƙurar da ake samu ta barbara tana fita tsarkakakkiya, babu bairas a cikinta, iska ta kai ta nesa. Ƙari a kan haka, farin fungas ba ya fitar da ƙura da yawa, mai kaifi kuwa yana zubar da ita kamar ruwan Agusta. Ka ga matsalar: in bairas ya raunana fungas ƙwarai, ya karya ƙafar dokin da yake hawa. In bai raunana shi sosai ba, bai yi maka amfani ba. Sannan ita kanta cesnat ɗin Amurka ta fi ta Turai saurin faɗuwa, ba ta ba bairas lokacin da zai iso.

A 2016 ɗakin gwajin Nuss ya fitar da wani fungas da aka cire masa waɗancan alamomin tantance baƙo, don ya iya ba kowane gida bairas. Dabara ce mai kyau, sai dai halitta ce da aka sauya wa gado, sakin irinta a daji kuwa magana ce ta hukuma da doka.

Akwai bairas ɗin da ya karya waccan ƙa'idar ta rashin fita waje, kuma shi ne ya fi kusa da abin da kake mafarki. A 2010 masu bincike a jami'ar aikin gona ta Huazhong da ke Wuhan a ƙasar Sin suka ba da labarin wani bairas a jikin Sclerotinia sclerotiorum, fungas mai ruɓar da kara wanda ke kama tsirrai sama da 400, ciki har da kanola, wani tsiro mai furen rawaya da suke tatsar mai daga 'ya'yansa kamar yadda muke yi da riɗi. Wannan bairas na DNA ne, ɗan mitsitsi, gadonsa bai wuce harafi 2,200 ba, ana ce masa SsHADV-1. Yana da riga, yana iya shiga fungas daga waje, har an nuna cewa wani ƙaramin ƙuda mai cin funfuna yana ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri. A 2020 suka nuna abin da ya fi wannan: fungas ɗin da ya kamu yana shiga jikin kanola ya zauna lafiya ba ya cutar da ita, har ma ya farkar da garkuwarta. Da suka fesa wannan fungas mai bairas a gona lokacin fara fure, tsananin cutar ya ragu da kashi 67.6 cikin 100, amfani ya ƙaru da kashi 14.9. Ɓarawo ya koma maigadi.

Akwai wasu. A Japan an samu wanda ke dakushe fungas mai ruɓar da saiwar tuffa da sauran itatuwan lambu. A Koriya ta Kudu an samu wanda ke rage wa wani fungas na alkama mai suna Fusarium girma da dafin da yake zubawa a hatsi. An samu a fungas ɗin da ke ƙona shinkafa. Yawancinsu suna nan a ɗakin gwaji da ƙananan filayen gwaji.

Kada kuma ka ɗauka duk bairas ɗin da ya shiga fungas alheri ne gare mu. Tunda aka samu na'urorin karanta gado masu sauri, kusan duk fungas ɗin da aka bincika da kyau sai a samu bairas a danginsa, kuma mafi yawansu zaman haya kawai suke yi, ba sa ƙara komai ba sa rage komai. Wasu ma ƙara masa mugunta suke yi. Akwai wani a Japan da ke hana wani fungas mai suna Alternaria girma a faranti, ka gan shi kamar ya mutu, amma yana sa shi ya ƙara zubar da dafin da ke ƙona ganyen bishiyar da yake kamawa. Wanda ya yi hukunci da abin da ya gani a faranti kaɗai zai saki annoba da hannunsa.

Ga wani kuma da nake son ba ɗalibai, don yana rusa musu rabon duniya gida biyu, abokai da maƙiya. A gandun Yelosuton na Amurka, inda ƙasa ke tafasa saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi, akwai wata ciyawa da ke rayuwa a wurin. A cikin jikinta akwai fungas, a cikin fungas ɗin akwai bairas. A 2007 aka nuna cewa in ukun suna tare, ciyawar tana jure zafin ƙasa har digiri 65 a ma'aunin Salsiyos. In aka cire bairas ɗin, ciyawa da fungas duk su mutu. Da aka saka wannan fungas mai bairas a tumatir, shi ma ya ƙara jure zafi. Na san kunnenka ya motsa da jin tumatir, musamman in ka tuna yadda fure ke zubewa a watan Afirilu. Gwajin tukunya ne dai, ba na gona ba.

Mu ma a nan akwai inda dakushewa za ta zame mana asara. A Samaru an yi aiki a kan wani nau'in Fusarium da aka samo daga jikin ƙuduji, wanda ke kashe ƙudujin ya bar dawa. Wannan fungas kaifinsa muke so. In bairas ya shige shi ya dakushe, mu aka cuta.

Yanzu mu sauko fadama. Me ya sa babu shi a shagunan maganin gona na Sabon Gari?

Na ɗaya, bairas ɗin nan masu zaɓen masauki ne. Na cesnat ba shi da abin yi da tumatir ɗinka. Na ƙasar Sin na Sclerotinia ne, fungas mai son sanyi da laima. Wanda ke ruɓar mana da gindin tumatir da gyaɗa a ƙasa mai zafi, mai farin zare da 'yan ƙwayoyi kamar ƙananan gero, sunansa Sclerotium rolfsii. Sunan ne ya yi kama, dangantakarsu ta yi nisa ƙwarai. Kowane fungas sai an nemo nasa, kuma kamar yadda ka gani, ba ma kowane fungas ba, kowane gida a cikinsa.

Sannan akwai lokaci. Bishiya tana tsaye shekara da shekaru, gyambonta yana waje, kana ganinsa, kana iya zuwa da abin huda ka yi masa aiki, bairas kuma yana da shekarun da zai bi a hankali. Tumatir ɗinka daga dashe zuwa kwandon ƙarshe wata huɗu ne ko ƙasa da haka. Fusarium da ke sa shi yaushi yana cikin ƙasa, ya shiga ta saiwa, ya toshe jijiyoyin ruwa daga ciki. Kafin farin fungas ya nemo ɗan gidansu a cikin laka, su haɗe, bairas ya tsallaka, an riga an kwashe gonar. Ga ruwan Galma da ke kawo sabon fungas daga gonakin sama duk ban-ruwa, ga dashen da ake sayowa daga wurare daban-daban. Fadama kasuwa ce ta gidajen fungas, ta fi kama da dajin Amurka fiye da na Girka.

Abin da ya fi kusa da wannan tunani wanda kuma ya riga ya iso gonakinmu shi ne Aflasafe, ko da yake babu bairas a cikinsa. Masu bincike na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, da abokan aikinsu sun tattara Aspergillus flavus, funfunar da ke zuba dafin afalatoksin a masara da gyaɗa, daga gonakin Najeriya, suka tace har suka samu gidaje 4 da ba sa yin dafin. Su ake shafawa a ƙwayar dawa mai launin shuɗi, a watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, su riga masu dafin kama wuri. Abin lura a nan, ba a ɗauko na Amurka an kawo ba, duk da cewa a can aka fara dabarar. 'Yan ƙasa aka nema, kuma da irin wancan gwajin na wane ne ɗan gidan wane aka tantance su. Da ɗan gari akan ci gari. In har za a yi maganin bairas na fungas ɗinmu, ta wannan hanyar zai biyo.

Ra'ayina, in ka tambaye ni inda ya dace a fara a ƙasar nan, ba tumatir ba ne. Zan fara da abin da ke daɗewa a wuri guda ko ake shuka shi daga jikinsa: mangwaro da lemo da gwaiba na lambu, rake, da citta. Wanda ya ga abin da cuta ta yi wa citta a Kaciya da Jaba da Kagarko a 2023 ya san akwai buƙata. Amfanin da ake dasawa daga saiwa ko kara yana tafiya da fungas ɗinsa daga shekara zuwa shekara, sau da yawa gida ɗaya ne ke bin iri, kuma irin wannan yanayin ne bairas ke so.

Aikin nema kuwa ba ya buƙatar abin da ya fi ƙarfinmu. A nan zan faɗi laifina. Shekarun da na yi ina rainon fungas a faranti, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba nakan samu wanda ya fito a gurguje: gefensa a yayyage, launinsa ya koɗe, wani yanki ya girma wani ya tsaya. Abin da aka koya mana shi ne wannan ya lalace, a dafa shi a zubar, a ɗauki mai kyau a yi aiki da shi. Haka na yi ta yi, haka na koya wa na bayana. Grente da ya zubar da farin farantinsa, da wani labarin ake yi yanzu. Abin da ya kamata a yi da irin wannan shi ne a ajiye shi, a tatsi RNA ɗinsa a duba ko akwai mai igiya biyu. In akwai, a yi ƙoƙarin warkar da shi, ta hanyar yanko can ƙarshen zare inda bairas bai kai ba, ko a raini ƙwayar ƙura guda ɗaya. In wanda ya warke ya dawo da kaifinsa a jikin shuka, aka mayar masa da bairas ya sake dakushewa, to an kama ɓarawo da kaya a hannu. Abin da ke kashe irin wannan aiki a wurinmu sananne ne: firijin da wuta ba ta zama, a tara samfur na shekara biyu ya narke a mako guda.

Game da feshinku shida, ɗana, kafin ka nemi sabon magani ka tabbatar da wa kake faɗa. Da yawa daga abin da ake fesa wa maganin fungas irin mankozeb a fadama ba fungas ba ne. Sharon da ta cinye tumatir a 2016 tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce. Ganyen da ke nannaɗewa ya ƙanƙance, bairas ne na shuka, farin ƙuda ke kawo shi. In shuka ta yi yaushi tana kore shar, yanke karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. In ka ga wani abu kamar madara yana zubowa daga bakin yankan, bakteriya ce, maganin fungas ba ya taɓa ta. In ganye ya yi rawaya ta gefe ɗaya, ka tsaga kara ka ga jijiyar ciki ta yi ruwan ƙasa, Fusarium ne, kuma feshin ganye ba ya kai wa gare shi. Maganinsa iri mai juriya, da canza wurin shuka, da kula da inda ruwa ke biyowa. Wanda feshi ke yi wa aiki shi ne mai tabo zobe-zobe kamar saƙar faifai a tsofaffin ganye, shi ma in an fara da wuri. Duk wanda kuma ya zo maka da kwalba ya ce bairas ne mai kashe fungas, ka riƙe kuɗinka.

Akwai abin da kai za ka iya gani wanda mu ba za mu gani daga Samaru ba, don kai ke kwana a gonar. In cuta ta share fegi, ka ga wata shuka a tsakiya da ta kamu sarai, alamar tana jikinta, amma tabon ya tsaya bai ci gaba ba, ko gindin ya yi farin zare amma ta ƙi faɗuwa har ta yi 'ya'ya, kada ka tuge ta ka jefa a rafi. Sau da yawa za a tarar shukar ce mai ƙarfi, ko ƙasar wurin ce ta bambanta, wannan ma abin so ne. Wani lokaci kuwa fungas ɗin ne ba shi da lafiya. Ka haƙo ta da saiwarta da ɗan ƙasar da ke jikinta, ka haƙo wata da cutar ta kashe a kusa da ita don a gwama, ka saka kowace a takarda daban, ba leda ba, don leda tana sa ta gumi ta ruɓe kafin a duba. Ka rubuta ranar da wurin da sunan irin, ka kai sashen kare amfanin gona a Samaru a ranar ko washegari da safe.